Sa'idu, Wanda Muka Ce Yana Karatu

Shekara goma sha biyu ke nan cif da rasuwar ƙanena Sa'idu. Niyyata bana ma in yi abin da na saba, in dafa shinkafa in aika wa maƙwabta sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. To, ɗansa Anas bai bar ni ba. Kwanakin baya Allah ya sauki matarsa lafiya, ɗa namiji, kuma na fari. Na tafi asibiti da guɗata, na ce masa ai wannan suna ba ya neman shawara, mai sunan Baba ya iso. Yaron nan ya dube ni, da Hausarsa da Larabci ya cinye rabinta, ya ce, "Ya Gwaggo, halas, a bar maganar nan. Ɗana ba zai ɗauki sunan mutumin da bai gama komai a rayuwarsa ba." A gaban surukarsa ya faɗa. Wallahi ba don asibiti ba ne da na kwaɗa masa jakata.

Ga wanda bai san mu ba, mu haifaffun Makka ne. Kakanmu ya taso daga Kano a ƙafa, ya sauke farali, ya zauna. A unguwar Misfala aka haife ni, bayana da shekara shida aka haifi Sa'idu, sai autanmu Isa. Babanmu kuku ne. Ya sami aiki can gabas a unguwar Amurkawa masu haƙar mai, ya tafi da Sa'idu yana ɗan shekara tara don ya yi makaranta kusa da shi. A can ya ga 'ya'yansu suna wani wasa da suke kira besbol, ya shige cikinsu. Mu a gida ƙwallon taɓarya muke ce masa, don sandar da ake dukan ƙwallon ba ta da maraba da ƙaramar taɓarya.

Bari in bayyana muku yadda shi ya bayyana mini, da kofunan shayi huɗu a kan tabarma. Mutum ɗaya zai jefo ƙwallo, girmanta kamar lemo, taurinta kamar dutse. Wani ya maka mata sanda ya zura da gudu. Zango huɗu ne a filin, in ya zagaye su ya ci. Aikin abokan hamayya shi ne su cafe ƙwallon, su jefa ta zangon da ya nufa kafin ya isa. Sa'idu tsakanin zango na biyu da na uku yake tsayawa, inda ƙwallo ta fi zuwa a fusace, tana bin ƙasa tana tsalle. Wani mai koyar da su ya ga hannunsa, ya yi masa hanya. A wannan 'yar tsayuwa ya ci abincinsa shekara goma sha ɗaya a Amurka, a ƙananan ƙungiyoyi, yau wannan gari gobe wancan a cikin bas. Bai kai babban rukuni ba, kuma ba zan ɓoye dalili ba: in aka miƙa masa sandar, sai a hankali. Shi da kansa yakan ce da ni aka bai wa da na fi shi, tunda na saba da daka.

Amma wajen tarewa, nan Allah ya yi masa baiwa. Abin haushin, baiwar tasa irin wadda ido ba ya gani ce. Sauran 'yan wasa sukan yi tsalle, su faɗi rub da ciki, su cafe ƙwallo da ƙyar, jama'a su tashi da tafi. Shi ba ya faɗuwa. Ƙafar mai duka yake kallo, da yadda ya karkata kafaɗa, sai ya matsa taku biyu tun ba a daki ƙwallon ba. In ta taso sai ta same shi a tsaye yana jiranta, ya ɗauke ta kamar mai tsintar goro, ya jefa. A tashi wasa rigarsa fes. Na taɓa ce masa, kai ma ka riƙa faɗuwa mana ko a tafa maka. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wanda kika ga ya yi tsalle ya faɗi, tun farko bai tsaya inda ya kamata ba." Ƙarshe dai ƙungiyarsa ta sallame shi, ta ɗauki wani mai ƙarfin duka wanda ƙwallo ke bi ta tsakanin ƙafafunsa.

Wannan duk gaskiya ne, amma ba shi mutanen unguwarmu suka sani ba. Kuma a nan ne nawa laifin ya shigo.

A wancan zamanin, a ce ɗan gidan mutunci, jikan mutumin da ya tako sahara don ya ga Ka'aba, ya tafi ƙasar Nasara yana guje-guje da gajeren hankali a bayan ƙwallo? Innarmu ta yi kuka har idonta ya kumbura. Wata biyu da tafiyarsa Amurka muka je wani biki, Hajiya Dije, maƙwabciyarmu wadda ba ta iya ganin tukunya a rufe, ta tare mu a gaban mata ta ce ina Sa'idu ya shiga. Na ga Inna ta sunkuyar da kai. Ni kuwa da saurin baki na ce, "Karatu ya tafi." Ta ce karatun me? Na ce, "Likita." Ban san daga ina kalmar ta zo mini ba. Aka yi ta barka, Inna ta ɗaga kai ta amsa. Magana zarar bunu, ta fita ke nan.

Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Su zo su ga tawa. Ta yi 'ya'ya, ta yi jikoki. Duk hutun da Sa'idu ya zo gida sai tsofaffi su cika mana zaure, wannan da gwiwa, wancan da ciwon suga, ana "Daktor, duba mini nan." Ranar farko ya leƙo ɗaki ya dube ni, na yi masa alama da ido, na nuna masa Inna. Ya gane. Ya koma ya zauna. Tunda ya san yadda ake naɗe gwiwa da idon sawu a wurin wasa, sai ya riƙa naɗe musu, ya ce su je asibiti a duba sauran. A cikin wannan hali aka yi masa aure da Zainabu, iyayenta suna murna sun sami likita. Ita ya gaya mata gaskiya tun kafin a ɗaura, ta riƙe, Allah ya saka mata. Amma ita ma an ja mata kunne kada ta tona.

Abin da ban lissafa ba shi ne ranar dawowa. Ya dawo gaba ɗaya da akwati ɗaya, ba shahadar gama karatu, ba asibiti, ba farar riga. To me mutane za su ce? Shekara goma sha ɗaya mutum yana karatu bai kawo ko takardar naɗe tsire ba. Sunan Daktor ya koma ba'a. Mutumin da ya tafi ƙasar da ba ya da kowa, ya yi gogayya da 'ya'yan masu wasan a wasan iyayensu, ya riƙe gurbinsa shekara da shekaru, shi ne ya zama abin misali a Misfala in ana yi wa yaro faɗan rashin karatu. A cikin wannan Anas ya tashi. A makaranta ana ce masa ɗan Daktor, ana dariya. Kuma duk waɗanda suka san darajar ubansa, abokan wasansa da masu koyar da shi, ba Musulmi ba ne, ko sun so ba su da ikon shigowa garin nan su ba da shaida.

Sau nawa na ce masa, Sa'idu, mu faɗi gaskiya mu huta? Yakan ce, "Inna tana raye, Yaya. A ce ta yi shekaru tana amsa barkar ƙarya? Bar shi." Da Inna ta rasu ya ce ai yanzu tonawar ta fi muni, ba ta nan balle ta kare kanta. Mutum sai ka ce dutse! Ni kuma, in faɗi tsakani da Allah, duk lokacin da ya ce a bari sai in ji sanyi a raina, don ni za a fi kallo.

Da ya dawo ya kama aikin shago a unguwar Rusaifa, lokacin hajji kuma ya yi jagoran alhazai a Mina. A can ma halin nasa bai canja ba. Duk wanda ya san Mina ya san tantuna kamarsu ɗaya, tsoho ya fita alwala sai ya ɓace. Sa'idu tun kafin alhazai su iso yakan zaga ya gano kwanar da za ta ruɗe su, ya je ya tsaya a nan cikin rana da lemarsa. Tsohuwa ta taho za ta karkata hagu, sai ta ji an ce, "Hajiya, nan ne hanyarku." Shekarun da ya yi, ban taɓa jin alhajinsa ɗaya ya kwana a waje ba. To ku ji abin takaici. Wata shekara masu aikin suka tara ma'aikata, suka yaba wa wani abokin aikinsa, har da takardar yabo, wai ya nemo alhazai uku da suka ɓace. Wa ya ɓatar da su? Shi! Sa'idu yana cikin masu tafi. Da ya ba ni labari na kusa shaƙewa don haushi, shi kuwa yana ta shan shayinsa. Ana cewa rigakafi ya fi magani, amma ni dai ban taɓa ganin an yi wa mai rigakafi guɗa ba.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi yana da shekara arba'in da 'yan kai, Anas yana ɗan sha uku. A zaman makoki ina ji da kunnena wata tana cewa, Allah sarki, karatun nan da bai gama ba shi ya ci shi. Ina zaune, na ci gaba da jan carbina.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ƙasar ta juya. Wasa ya zama abin alfahari, ana ɗauko 'yan ƙwallo daga ko'ina a duniya ana shimfiɗa musu darduma. Matan da a da za su toshe hanci in an ce ɗan wane ɗan wasa ne, yanzu su ne ke zagaya gidan biki da waya suna nuna jikokinsu cikin gajeren wando. Hajiya Dije da kanta, da sandarta da komai, ta nuna mini nata jikan, wai an ɗauke shi makarantar koyon ƙwallo, in taya su addu'a. Na ce amin, ina haɗiye abin da ya taso mini. Na san Sa'idu dariya zai yi, ya ce ashe sammako ya yi. Gidanmu na Misfala ma an rushe shi, dogon otal ne a wurin, bangon da yake jefa wa ƙwallo yana cafewa in ya zo hutu babu ko alamarsa.

Kayansa kuwa, kada ku tambaya. Yana da wata safar hannu ta fata, babba, wadda yake cafe ƙwallo da ita. Shekara da shekaru yana shafa mata mai, ba ya bari kowa ya sa hannu ciki. Bara na bi ta wurin Isa, inda yake gasa tsire a Rusaifa, me zan gani? Safar nan a hannunsa, yana ɗaga ragar gashi da ita, ta yi baƙi ƙirin, yaji ya cika ɗinkin. Na ce Isa, ka san abin da ke hannunka? Ya ce, "Yaya, wallahi ba ta jin wuta." Ƙanen mutum ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya.

To, mu koma kan Anas. Bayan rasuwar uban, Zainabu ta gaya masa cewa ba karatu ya je ba, wasa ya je. Maimakon abin ya gyaru sai ya ƙara lalacewa. Ya shiga waya ya binciko sunan uban, ya ga an jera alƙaluman dukansa, ya ga ba su da kyau. Shi ke nan ya yanke hukunci: karatu ƙarya, wasan ma bai iya ba. Su masu alƙaluman nan sun rubuta abin da mutum ya daka, sun rubuta kuskurensa, amma ina za su rubuta ƙwallon da ba ta wuce ba saboda wani ya riga ta zuwa?

Kwana uku da haihuwar, na kasa haƙuri. Ina da kaset ɗin bidiyo guda ɗaya da Sa'idu ya aiko mana tun yana can, na ɓoye shi a ƙasan akwati, ko Inna ba ta taɓa gani ba. Na kai wani shago aka juye mini shi a waya, na kira Anas na ce ya zo bayan la'asar, ba roƙo nake ba. Ya zo yana cika yana batsewa. Na kunna, na miƙa masa. Ya kalla na ɗan lokaci, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Gwaggo, ai bai yi komai ba. Ƙwallon ce take zuwa wurinsa."

Na ce, "Zuwa take? Ƙanwar uwarsa ce da za ta riƙa kai masa ziyara?"

Na fizge wayar na mayar baya. Na sa babban yatsana na rufe mai dukan, na rufe ƙwallon, na bar masa ubansa kaɗai a gefe. Na ce kalli nan, kada ka kalli ko'ina. Ga Sa'idu a duƙe, siriri, kamar ba ruwansa. Sai ya matsa dama, taku ɗaya, biyu. Sannan aka ji ƙarar sanda, ƙwallo ta faɗo cikin hannunsa. Na ce sake kallo. Wani mai dukan ya zo, wannan karon ya ja baya ya karkata hagu, aka daka, ta same shi a nan. Na uku ma haka. Anas ya karɓi wayar daga hannuna, ya sa nasa yatsan ya rufe, ya yi ta mayarwa. Shayin da na zuba masa ya huce bai taɓa ba. Can ya ce, a hankali, "Ya san inda za ta je." Na ce yau ka san ubanka.

Na gyara zama ina jiran ya ce an fasa, sunan Baba za a sa. Sai ya ɗago, idonsa ja, ya ce, "Gwaggo, wannan yana akwatinki ana ce mini ɗan Daktor? Wa ya fara cewa likita ne?"

Na ce ni ce. Sannan ya gaya mini cewa tun washegarin haihuwa aka shigar da suna a takarda daga asibiti, Rayyan, kuma sunan zaɓin matarsa ne, ya riga ya yi mata alkawari a gaban iyayenta, ba zai warware ba. Ya tura bidiyon a wayarsa, ya sumbaci kaina kamar yadda suke yi a nan, ya fita.

Ranar suna aka yanka raguna, aka raɗa wa yaro Rayyan. Suna ne mai kyau, ban ce ba. Ina zaune cikin mata, aka miƙo mini jaririn, sai Hajiya Dije ta leƙo ta ce, "Allah sarki, jikan Daktor, Allah ya sa shi ya gama nasa karatun." Aka ɗan yi dariya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na miƙe da yaron a hannuna na ce, jama'a ku saurara. Sa'idu bai taɓa zuwa karatun likita ba, balle ya kasa. Ɗan wasa ne, sana'arsa ke nan, ya yi ta shekara goma sha ɗaya, kuma a wurin da yake tsayawa samun kamarsa sai an tona. Ni na ƙaga ƙaryar, a gabanki Hajiya, don ina jin kunyar abin da ba abin kunya ba. Zainabu ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Hajiya Dije ta ce, "To ke me ya hana ki faɗa tuntuni? Ai wasa abin arziki ne." Ku ji fa! Allah ya ba ni haƙuri, na koma na zauna.

Yanzu in na auna abin da ya rage na Sa'idu, ba shi da yawa. Babu kofi, babu shahada, babu titi da sunansa. Akwai tsofaffi a Kano da Damagaram da suka koma gida lafiya ba su san wa ya tsaya musu a rana ba. Akwai Zainabu da ba ta taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Akwai ɗa da ya fara sanin ubansa yana da shekara ashirin da biyar, wanda na ji an ce yanzu duk baƙon da ya je barka sai ya nuna masa bidiyon. Anas ya ce in Allah ya kawo wani namijin, Sa'idu ne. Ina amsawa da amin, amma na haura sittin, kuma haihuwa ba a hannunsa take ba.

Sunan da ya kamata ɗan fari ya ɗauka dai ya wuce, kuma ba Anas ya hana shi ba, ni na hana, tun kafin a haifi Anas ɗin. Allah ya jiƙanka Sa'idu, ya sa Aljanna makoma, ka yafe wa Yayarka. Amma kai ma ban wanke ka ba. Ka rufa wa Inna asiri, ka rufa mini, ka bar ɗanka yana jin kunyarka har aka kai ka kabari. Haba Sa'idu, ko sau ɗaya ai da ka buɗe baki ka ƙaryata ni.